Idan Tanon Kwasar Salanga Ya Fara Yoyo

  

Hirarmu ta yau ta shafi Gaya, cikin jahar Doso. Za mu taɓo wani abu da mutane ba su son ambata a cikin taro, alhali gidaje da yawa suna da shi. Salanga ke nan, wadda wasu ke kira masai ko shadda. Salanga tana cika. In ta cika, mai hali yakan kira babbar mota mai tiyo ta zuƙe. Wanda bai da hali kuwa sai ya nemo masu guga da tano. Tano shi ne abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa duro. Su ɗora shi bisa amalanke ko kura, su cika shi, su ja shi zuwa bayan gari.

Waɗannan bayin Allah suna yi wa gari babban aiki, ko da yake ba a cika gode musu ba. To amma wata rana sai ka ga amalanke ta wuce, ta bar layin ɗigo a ƙasa tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa. Tano ya huje. Yadda ake gyara shi, shi ne darasinmu.

Wani zai ce, ɗan ɗigo kawai? Bari mu yi lissafi. In tano yana ɗigo sau ɗaya kowace daƙiƙa, kafin kwana ɗaya da wuni ɗaya ya zubar da wajen lita 4. Kuma ba ruwan rijiya ba ne. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan ƙosai. Yaro ya taka, ya shiga gida. Ruwan sama ya zo ya kwashe saura ya kai inda ya ga dama.

A Gaya abin ya fi tsanani, don ƙasar ruwa ce. Babu inda ya fi ta samun damina a Nijar. Takan samu wajen milimita 800 a shekara, alhali Agadas ba ta kai 200 ba. Ga kogin Isa a gefe. Ga fadamun dallol Mauri da dallol Foga, inda in ka haƙa ƴan gaba kaɗan sai ka tarar da ruwa. Albarka ce, ita ke ba mu shinkafa da rake da rogo. Amma inda ruwa ke kusa, ƙazanta ma ba ta daɗewa kafin ta kai gare shi. Mutanen bakin kogi da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2020 sun san yadda ruwa ke haɗa salanga da rijiya.

Cutar da aka fi tsoro ita ce kwalara, mai zawo da amai. Ta shigo Afirka ta yamma a 1970, ta fara daga Gine, ta bi hanyoyin ruwa da na fatake. A 2018 ta ɓulla a Madarunfa cikin jahar Maraɗi, ta kai har Gaya. A 2021 ma ta sake dawowa ƙasarmu. Ƙwayar cutar tana cikin kashin mutum. Hanyarta ɗaya ce: daga bayan gida zuwa baki, ta ruwa ko abinci ko hannu. Gaya kuwa mahaɗa ce. Ga Malanbil a ƙetaren kogi cikin Benin, ga Kamba a gefen Najeriya. Abin da ya ɗiga a hanyar Gaya yana iya kwantar da mutum a wata ƙasa.

A fara da wanki

Kada kowa ya taɓa gyaran tano da ƙazanta a ciki. A kai shi bayan gari, a juye shi sarai a ramin da aka tanada. Wurin wankin ya yi nisa da rijiya aƙalla mita 30, wato kamar taki 40 na babban mutum. Ba a bakin kogi ba, ba a tafki ba. A haƙa ɗan rami inda ruwan wankin zai shiga, in an gama a rufe da ƙasa.

A ɗauraye da ruwa sau biyu ko sau uku, har ruwan ya fito da haske. Sannan a kawo ruwan Jabel. A nan karatu zai yi muku rana. Ku duba jikin kwalbar. In kun ga an rubuta 2,6%, to ku zuba kofi 1 na Jabel cikin kofi 12 na ruwa. A shafe cikin tano da wajensa da wannan haɗi, a bar shi rabin awa. Daga nan a sake ɗauraye shi da kyau, don Jabel yana cin ƙarfe in ya zauna. Kada a haɗa Jabel da wani maganin wanki, kada a zuba shi a kan fitsari. Yana ta da iska mai shaƙe mutum.

Mai wanki ya sa safar hannu ta roba da takalmin roba. In babu safa, ko leda mai kauri ya ɗaura. Ya buɗe murfi ya bar tano ya sha iska wuni guda. Kuma kada ya cusa kansa ciki wai yana neman huji. Ƙazantar da ta daɗe a rufe tana haifar da iska iri biyu. Ɗaya tana kama wuta. Ɗaya tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma muguwa ce ƙwarai: in ta yi yawa sai hanci ya daina jin warinta, mutum ya zaci ta wuce, sai kawai ya faɗi.

Ina hujin yake?

Inda ka ga ɗigo yana sauka, ba lalle nan ne hujin ba. Ruwa yakan fito daga sama, ya bi jikin tano, ya taru a ƙasa. Mutane da yawa sun liƙe gindin tano alhali ciwon yana wuyansa.

Ga dabara. A shanya tano har wajensa ya bushe ƙayau. A ɗora shi bisa bulo biyu don a ga ƙarƙashinsa. A riƙa zuba ruwa mai tsabta sannu-sannu, bokiti ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowane bokiti a tsaya a duba. In an barbaɗa toka a jikinsa, ko'ina ya jiƙe tokar za ta yi duhu. Da an ga wurin, a zagaye shi da alli ko gawayi. Kada a tsaya nan. A ci gaba har tano ya cika, don sau da yawa huji ba ɗaya ba ne, kuma akwai tsagar da ba ta buɗe baki sai nauyi ya danne ta.

A duba wurare uku da kyau: inda tano ke zama bisa ƙarfen amalanke, da inda igiya ko sarƙa ke kama shi, da wajen famfo in an sa masa famfon juyewa. Sau da yawa ma tanon lafiya lau yake. Robar da ke tsakanin famfo da jikinsa ce ta mutu. Wannan mai sauƙi ne. A kwance famfo, a yanko sabuwar roba daga tsohuwar robar cikin taya, a huda tsakiyarta daidai, a mayar a ɗaure. Kada a matse fiye da kima, sai robar ta tsage.

Na ƙarfe ne ko na roba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don maganin wannan ba shi ne maganin wancan ba.

Mu fara da na roba, shuɗin nan mai cin lita 200 ko sama da haka kaɗan, tun da shi ya fi yawa yanzu, kuma a kansa aka fi asarar kuɗi. Mutum ya ga tsaga, ya je kanti ya sayo gam. Ya shafa, ya bushe, ya yi ƙarfi kamar dutse. Ya yi murna. Bayan kwana biyu amalanke ta faɗa rami, gam ya ɓalle gaba ɗaya kamar ɓawon gyaɗa. Ya sayo wani mai tsada, shi ma haka. Ya narka kwalta ya zuba, rana ta yi zafi kwalta ta zame. Sai ya ce an cuce shi a kanti.

Ba a cuce shi ba. Irin robar ce ba ta karɓar gam. Ku kifar da tanon ku duba gindinsa ko kusa da bakinsa. Sau da yawa za ku ga ƴar alama mai kusurwa uku, da lamba 2 a cikinta. A ƙarƙashi an rubuta haruffa huɗu: HDPE, ko kuma PE-HD. Malam zai rubuta su a allo, kowa ya kwafa a littafinsa. Wannan roba ƴar'uwar kakin kyandir ce. Jikinta santsi gare shi kamar an shafa mai. Shi ya sa ƙazanta ba ta cin ta, shi ya sa kuma gam ba ya kama ta. Abu ɗaya take ji, shi ne zafi. Tana narkewa a wajen digiri 130, wato sama kaɗan da zafin tafasasshen ruwa, wanda yake digiri 100.

In alamar ta goge, akwai gwaji. A kankaro ɗan ƙanƙanin yanki daga leɓen tano, a jefa cikin kofin ruwa. In ya taso sama, ita ce ko danginta. In ya nutse, wata roba ce dabam, kamar ta bututun famfo, wadda ita tana da nata gam.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Turai da Amurka akwai masu yawon buɗe ido da ke jan ɗan ƙaramin ɗaki mai taya a bayan mota. A ciki suke kwana, a ciki suke kewayawa. A ƙarƙashin ɗakin akwai tanki mai tara ƙazanta har su kai wurin juyewa. Shi ma yana tsagewa. Su ma abin da masu gyaransu ke fara tambaya ke nan: wace irin roba ce? In mai karɓar gam ce, a sa gam. In irin ta tanonmu ce, sai wuta. Duk kayan aikinsu bai canza halin robar ba.

To, ga yadda ake yi. Masu liƙin bokiti da jarka na kasuwa sun san aikin nan, kuma in kana da shakka gara ka kai musu, bayan ka wanke tanon, ka kuma gaya musu gaskiyar abin da yake ɗauka.

Da farko a kashe tsagar. Tsaga tafiya take yi, kamar yagewar zane. In an liƙe tsakiyarta aka bar bakinta, gobe za ta ci gaba daga inda ta tsaya. A nemi ƙarshenta na nan da na can. A gasa ƙaramar ƙusa a wuta, a huda ɗan rami daidai kowane ƙarshe. Mutum zai yi mamaki, ana neman toshe huji kuma ana ƙara wani. Amma ramin nan mai zagaye shi ke tsayar da tsagar, kuma za a cike shi daga baya.

Sai a kankare wurin da wuƙa, faɗin yatsa biyu kowane gefe, har sabuwar roba mai haske ta fito. Fatar sama rana ta riga ta ƙone ta, ba ta haɗuwa da komai. A bi tsagar da bakin wuƙa a faɗaɗa ta kaɗan, ta zama kamar ƴar kwata, don narkakkiyar roba ta sami wurin zama.

Abin cikawa kuma dole ya zama irin robar tanon. A nan ne da yawa ke kuskure. Su tsinto kowace roba a bola, guntun kujera ko tsohon takalmi, su narka su zuba. Za ta zauna a kai, amma ba ta haɗu ba. Roba ba ta auren bare. A nemi tsohon tano irinsa, ko jarkar man girki ta lita 25, a duba lamba 2 a gindinta, a wanke man sarai, a yanka ta siri-siri kamar tsinken tsire.

A sa ƙarfe mai faɗin baki a garwashi. Tsohuwar wuƙa mai kauri ma ta isa. Zafin yana da iyaka. In ƙarfe ya taɓa roba ta yi laushi tana ƙyalli, daidai ne. In ta yi hayaƙi ta yi baƙi, ya yi yawa, an ƙone ta, kuma ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi. A dakata ya huce kaɗan. A fara narka bakin tsagar da kanta, sannan a kwantar da tsinken roba a ciki, a danna da ƙarfen har biyun su narke tare su zama abu ɗaya. Ku riƙe wannan: tare za su narke. In tsinken kaɗai ya narke, jikin tano yana da sanyi, to ɗori ne aka yi, ba liƙi ba. A bi a hankali, ɗan yatsa bayan ɗan yatsa, har a wuce ramukan nan biyu.

In tsagar ta kai tsawon tafin hannu, a ƙara mata ƙashi. A yanko ragar ƙarfe irin ta taga, ta fi tsagar faɗi. A kwantar a kai, a danna da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar. A sake rufe ta da wata narkakkiyar roba, kada ko waya ɗaya ta leƙo, don tsatsa za ta bi ta. In hannu yana kaiwa ciki, a yi wa cikin ma haka. Aikin a fili za a yi shi, inda iska ke kaɗawa. In an gama a bar shi ya huce da kansa a inuwa. Kada a watsa masa ruwa don sauri.

Na ƙarfe kuwa, ciwonsa tsatsa ne. A goge wurin da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya fito. A ƙwanƙwasa kewayen da ƙusa. In ƙusa tana shiga ko'ina, gindin ya riga ya mutu, kada a ɓata kuɗi. In hujin ɗaya ne ƙarami, kuma bakin tano yana da faɗin da hannu zai shiga, a sa ƙusa mai noti, da faifan ƙarfe da robar taya ciki da waje, a ɗaure. Gam mai bututu biyu, wanda ake cuɗawa kafin a shafa, shi ma yana kama ƙarfe in wurin ya bushe kuma an goge shi sosai. Sabulu da tsumma da direbobi ke cusawa, wannan na kai wa gida ne kawai.

Babban huji sai mai walda. A nan muna roƙonku ku saurara da kyau. Tano rufaffe da wuta ba su haɗuwa. Iskar nan mai kama wuta tana iya zama a ciki ko bayan an juye shi. A buɗe kowane murfi. A cika shi da ruwa har kusa da wurin da za a yi waldar. Kuma a garin kan iyaka kamar Gaya, inda tano da yawa sun taɓa ɗaukar mai, a tambayi tarihinsa. Tanon da ya taɓa cin fetur, ko da ya shekara babu komai a ciki, yana iya fashewa ya kashe mai walda da yaronsa. In ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, a haƙura da wuta.

Gwaji, da abin da ya jawo ciwon

Gyara bai ƙare ba sai an gwada. A cika tano da ruwa mai tsabta, a shimfiɗa busasshen yashi ko takardar buhun siminti a ƙarƙashi, a bar shi ya kwana. Da safe in babu danshi, a ɗora shi bisa amalanke da ruwan a ciki, a zagaya da shi kan hanya mai gargada. Liƙin da ya jure zama, ba lalle ya jure tafiya ba. Gara ya ba ka kunya da ruwan rijiya a ciki.

Daga nan a tambayi kai, me ya huda shi? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cikakken tano ya kai kilo 200, nauyin buhun siminti 4, ƙazanta kuma ta fi ruwa nauyi. In duk wannan nauyi yana zaune bisa kan ƙusa ɗaya ko bakin ƙarfe mai kaifi, kowane rami a hanya sara ne. In an mayar da tano inda yake dā, wurin nan zai sake hujewa kafin wata ya ƙare. A shimfiɗa katako mai laushi, a ɗora yankin tsohuwar taya a kai. A sa itace gefe da gefe kada ya mirgina. A ɗaure da igiya mai faɗi ko robar taya, ba da waya ba, don waya tana yanka. Kada a cika shi fal, a bar kamar tafin hannu, a rufe murfi sosai lokacin tafiya. In an gama aiki a wanke shi, a sassauta murfin, a ajiye a inuwa. Ranar bazara tana busar da roba har ta riƙa karyewa kamar ƙwarya.

Akwai kuma tanon da ya gama aikinsa. In robar ta koɗe ta yi fari, in ka danna ka ji tana ƙara, in tsaga ta bi ta wuyan murfi ko ta yi rassa kamar saiwa, a bar shi. To amma kada a jefar da shi haka nan. Wani zai tsinta, ya liƙe, ya sayar wa mai tallan ruwa ko mai jiƙa gero. Tanon da ya ɗauki ƙazanta ba ya komawa na ruwan sha, ko an wanke shi sau goma. A fasa gindinsa da gatari, ya zama na tara shara.

Wanda aka gyara kuma, a sa masa shaida. A samo jan fenti a rubuta a jikinsa da manyan haruffa: BA NA RUWAN SHA BA. In akwai wanda ya iya rubutun Zabarmanci a ajinku, ya rubuta a ɗaya gefen, don Dandawa da Zabarmawa su ma su karanta. Kalmomi biyar ne. Malam zai sa kowa ya rubuta su a allo yau kafin a tashi.